Tsakaninmu Da Kufai Sai Hange



Abin da ya sa na ɗauko alƙalami yau wata 'yar magana ce da ta shiga tsakanina da ɗana a ƙaramar sallar da ta wuce. Mun taso daga Ƙanƙara ta hanyar Sheme za mu Funtuwa gaida wani baffana, muna cikin mota an matse mu kamar kifin gwangwani, sai yaron ya miƙa hannu ta taga ya nuna wani dutse can nesa ya ce, "Baba, wancan dutsen ya sunansa?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji wayam. Dutsen nan na san shi, na taɓa hawansa ina yaro, har na san ta gefen da ake bi a hau ba tare da an zame ba, amma sunan ya ɓace mini ɗungurungum. Direba ne ya cece ni, ko kuwa in ce ya ƙara mini kunya, don cewa ya yi, "Kai yaro sauke hannunka, wancan na mutanen daji ne." Yaron ya janye hannunsa da sauri kamar wanda ya taɓa garwashi, motar ta yi tsit har muka hau babban titi.

Tun daga ranar maganar direban nan take cina. Dutsen da kakana yake kira namu, yau a bakin mutane ya zama na mutanen daji, kuma ni da ya kamata in musa ban ma iya tuna sunansa ba.

Ni haifaffen wani ƙauye ne tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Lokacin da muke yara, wajen shekarun 1980, idan an gama girbi an kai dawa rumbu, kakanmu yakan tasa mu gaba mu tafi kufan garinmu na da, wanda ke gindin dutse, tafiyar da ba ta wuce ta hantsi zuwa azahar ba, har da dawowa. Mu dai abin da ke kai mu kanya da tsada da farautar gafiya. Shi kuwa tsohon abin da ke kai shi daban. Yakan tsaya a kan wani dogon tudu da ciyawa ta rufe ya buga sandarsa ya ce nan ganuwa take, ga gwalalonta nan a baya, ga inda ƙofa take ta fuskar gabas. Ya nuna mana wasu ramuka a jere, bakinsu da sauran laso, ya ce marina ce, kuma yawan ramukan shi zai gaya maka yawan masaƙan garin. Akwai wani wuri da ƙasarsa ta yi baƙi, cike da wasu dunƙule-dunƙule masu nauyi kamar dutse ya narke. Wannan kashin maƙera ne, wurin da aka dafa tama aka fitar da ƙarfen da aka ƙera gatari da fartanya da mashi tun kafin a san ƙarfen jirgi. A kan falalen dutsen kuma ga guraben niƙa nan sun lotsa, sumul, wasu har da ruwan sama kwance a ciki. Na taɓa sa tafin hannuna a ɗaya daga cikinsu, sai kakana ya ce, "Ka san guiwa nawa ta durƙusa nan kafin dutse ya yi wannan ramin?" Ban ba shi amsa ba, shi ma bai jira ba.

Shi ya koya mini cewa duk inda ka ga kukoki sun taru a tsakiyar daji, to tsaya ka duba ƙasa, za ka ga tsingaro, don kuka ba ta cika yin gayya ita kaɗai ba sai inda mutane suka zauna suka sha miyarta suka zubar da 'ya'yanta. Shi ya nuna mini kogon da ake tura mata da yara idan an ji kuge, mayaƙan Maraɗi sun ɓullo, da wani rami a saman dutsen da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, wanda saboda shi ne ma aka zaɓi wurin. Mutanen nan ba don sha'awar iska suka hau dutse ba. Tsoro ne ya kai su. Da Turawa suka ci ƙasar Katsina a 1903 hare-hare suka lafa, sai jama'a suka fara gangarowa fili suna bin gona da kasuwa, daga baya kuma suna bin titi da tashar jirgin ƙasa da kuɗin auduga. Yau ga shi mun juyo inda aka faro, sai dai abin ya zo a birkice: mahara ne ke saman dutse da cikin kurmi, mu kuma muna ƙasa a fili, muna gudu zuwa bakin kwalta.

Da na girma na yi ɗan karatu sai na gane ashe abin da tsohon nan yake nuna mana da sanda, shi ne masana ke rubuta littattafai a kansa. Wannan yanki namu na kudancin Katsina shi ake kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai danƙo da albarkar noma, kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981. Garuruwa irin su Maska da Gozaki da 'Yandoto suna nan da ƙarfinsu tun kafin jihadi, da masaƙansu da marinansu da malamansu. 'Yandoto, wadda yanzu ta faɗa ƙasar Tsafe a Jihar Zamfara, ƙetaren Yankara kaɗan, gari ne na malamai da ake zuwa ɗaukar karatu daga nesa, kuma labarin gargajiya ya ce daga can Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau sarautar Katsina. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin bayan malamansa sun ƙi bin jama'ar Shehu. Wannan duk tarihi ne da ya faru a ƙofar gidanmu. Amma tambayi matashin yau abin da ya sani game da 'Yandoto, in ya san wani abu, to labarin naɗin sarautar da aka yi wa wani ƙasurgumin ɗan bindiga ne a watan Yulin 2022. Allah Sarki, garin malamai!

Ko sarautunmu ma, in mutum ya kasa kunne, suna riƙe da sunayen wuraren da muka bari. Hakimin da ke zaune a Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake ce masa. Na Funtuwa Sarkin Maska ne, don Maska ce uwa, Funtuwa 'ya ce da jirgin ƙasa da auduga suka ɗaga har ta fi uwarta. Sarautar Kogo tana nan da ranta, ga kuma Birnin Kogo a ƙasar Faskari, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka cewa ba ƙaramin wuri ba ne a da. Kullum muna jin waɗannan sunaye a bakin maroƙa ranar hawan salla, muna tafi, amma mutum nawa ne cikinmu suka taɓa taka ƙafa suka je Pauwa ko Birnin Kogo don kawai su ga wurin?

A nan ne nake so in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Mun saba ɗora wa 'yan bindiga laifin komai, kuma wallahi sun cancanci fiye da haka. Amma maganar gaskiya, kafin su raba mu da waɗannan wurare mu muka fara sakinsu. Shekara nawa aka yi ana zaune lafiya, ana tafiya Gusau da tsakar dare ba abin da ke tare ka sai 'yan sanda masu neman na goro? A cikin waɗannan shekaru wace makaranta ce a yankinmu ta taɓa kwasar ɗalibai ta kai su kufai? Ni dai tawa ba ta yi ba. An koya mana kogin Misisipi da tsaunukan Turai, mun haddace mun ci jarrabawa, amma ƙoramar da ke bayan ajinmu ba wanda ya taɓa gaya mana inda ta taso da inda ta nufa. Daga baya ma darasin Tarihin gaba ɗaya aka cire daga firamare da ƙaramar sakandare a 2009, sai a 2022 aka ƙaddamar da maido da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani su ne samarin yau.

Mu 'yan boko muka ɗauki zuwa kufai ƙauyanci. Wasu daga cikin masu wa'azi kuma suka ɗauke shi kusantar shirka, wai wuraren arna ne da iskoki. Manomi ya ga tudun ganuwa ya tare masa kunya biyu, ya sa garma ya baje. Mai gini ya kwashe ƙasar ya buga bulo. Masu gawayi suka bi manyan itatuwa. Sannan ga masu haƙa. A shekarun 1990 an yi ta tone tsofaffin wurare a ƙasashen Katsina da Zamfara da Sakkwato, musamman wajen Kwatarkwashi, ana fitar da mutum-mutumin yumɓu ana sayar wa dillalai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma suna haurawa da su Turai. Abin ya kai har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da na Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya. Wato Bature a Faransa ya san darajar abin da ke ƙarƙashin gonarmu har yana sa shi cikin gilashi, mu kuwa da hannunmu muka tona muka miƙa. Duk wannan ya faru kafin a ji ƙarar bindiga ko ɗaya.

Sai kuma bala'in ya zo ya rufe ƙofar da muka bari a buɗe. Ba sai na tsaya ba ku labarin ba, kun san shi, wasunku ma a jikinsu yake. Kadisau a watan Yunin 2020. Daren 11 ga Disamba na wannan shekarar, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji a ƙafa, aka sako su bayan kwana shida. A 2021 gwamnati ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu uku, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan uwansa. 'Yargoje a 2024. Ƙauyukan Sabuwa da ke maƙwabtaka da dajin Birnin Gwari kuwa, wasu an tashe su ba sau ɗaya ba. Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, a ƙarshen 2020 ɗin nan dai Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Kogo ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa, tare da irin su Falgore ta Kano. Gandun da ake so baƙi su zo yawon buɗe ido, alhali ɗan garin ma ba ya iya shiga ya yanko kara.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a ido. Wani abokina da na yi wa wannan zance ya dube ni ya ce, "Malam, ana ta rai wa yake ta tsingaro? Mutane na sayar da gona suna biyan kuɗin fansa, kai kana maganar ramin marina." Ban ji haushinsa ba, ƙanensa ya yi wata biyu a hannunsu. Kuma ni ma ban ce kowa ya ɗauki ɗansa ya nufi dutse yanzu ba. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, an yi zaman sulhu a wurare da dama a 2025 har da Faskari, amma duk wanda ya san yankin nan ya san ba a gaggawar sakin jiki da daji. Wanda ya ce maka ka je kufai ka ɗauko hoto, ce masa ya yi gaba kana biye.

Abin da na ce wa abokina shi ne, kufai zai jira mu. Dutse ba ya gudun hijira, guraben niƙan nan da suka shekara ɗaruruwa za su ƙara wasu. Abin da ba zai jira ba shi ne tsofaffin da suka san mene ne mene. Baffan nan nawa da muka je gaidawa ya haura tamanin. Shekara huɗu ke nan yana zaune a ɗakin haya a bayan garin Funtuwa, mutumin da bai taɓa kwana uku a jere a wajen ƙauyensu ba sai da ya je Makka. Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, amma kan yana nan garau. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, sunan kowace fadama da kowane tsauni da kowace tsohuwar rijiya ta wannan ƙasa tamu zai bi shi kabari, kuma ba wani sulhu ko soja da zai dawo da su. Irin Baffa suna nan da yawa a Funtuwa da Ƙanƙara da Faskari da Katsina da Zariya, a ɗakunan haya da zaurukan 'yan uwa, suna zaune shiru ba mai tambayarsu komai sai "ya jiki".

Kada kuma a ɗauka wannan sani na nishaɗi ne kawai. Tsohon da ya san inda ganuwa take, shi ne ya san inda burtali ya bi, da mashayar da aka bar wa shanu tun zamanin kakanni, da iyakar gonar wane da wane, da maƙabartar da ba a nomawa. Kowa ya san cinye burtali da makiyaya na cikin abin da ya fara ɓata tsakanin manomi da makiyayi, tun kafin abin ya rikiɗe ya zama sana'ar satar mutane. To ranar da za a koma gida, kuma in Allah ya yarda za a koma, ƙauyen da ya shekara biyar ko shida ba kowa, ciyawa ta haɗe gonaki, an sare itatuwan da ake shaida iyaka da su, wa zai ce daga nan zuwa nan na wane ne? Ina jin tsoron wata sabuwar rigimar tana kwance tana jiranmu a can, tsakaninmu mu da kanmu, in waɗanda suka san ƙasar sun ƙare kafin mu koma.

Game da masu cewa shirka ce, ina girmama su, amma ban yarda da su ba. Ba wanda ya ce a je a yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya. Littafin da muke karantawa kullum ya yi ta umartar mu da mu zaga mu dubi abin da ya sami mutanen da suka gabace mu, kuma ban san wa'azin da ya kai tsayuwa a tsakiyar garin da ya taɓa cika da hayaniya, yau ba kowa sai kurciya, shiga zuciya ba. Kakana liman ne na unguwa. Duk lokacin da muka je kufai sai ya tsaya a tsohuwar maƙabarta ya yi wa mutanen ciki addu'a, waɗanda ya san sunansu da waɗanda bai sani ba.

Saboda haka ni abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ba gwamnati nake roƙo ba. Tana da Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina, akwai sashen tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma, akwai masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, in sun zo da hannu biyu za mu karɓe su. An yi irin wannan aiki a Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka tona kaburburan sarakunan farko a 1907 da kuma 1992, shi ya sa yau ake maganarta har a ƙasashen waje. Amma in muka ce sai sun zo, za mu daɗe. Kai ɗan Ƙanƙara, ke 'yar Faskari, kai ɗan Sabuwa da ke karanta wannan a Kaduna ko Abuja ko Legas, wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. In ka je gaida tsohonka, bayan ka ajiye ledar goro da ɗan abin da ka riƙo, zauna. Tambaye shi daga ina garinku ya taso kafin ya zo inda yake. Tambaye shi sunayen duwatsu da ƙoramu da fadamu ɗaya bayan ɗaya, kamar kuna tafiya a ƙafa daga ƙofar gida. Kada ka manta da tsofaffin mata, don su suka san rijiyoyi da wuraren itace da inda ake ɗebo yumɓu, kuma sun fi maza riƙe wa ya auri wa daga wane gari. In da hali a tambayi dattawan Fulanin da suka tashi tare da iyayenmu, waɗanda da yawansu su ma an kore su an kwashe musu shanu. Sunayen da suke kiran wuraren nan da hanyoyin da suka sani wani rabin labarin ne da ba mu da shi. Marubutanmu kuma, masu ba mu labaran soyayya da ke faruwa a Dubai da Landan, don Allah ko sau ɗaya a sa jarumin ya fito daga gindin wani dutse na ƙasar Faskari, a kira dutsen da sunansa.

Ni na fara. Bayan salla da mako biyu na koma Funtuwa ni da yaron, na ce wa Baffa, "Baffa, so nake ka raka ni gida da baki." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka yi boko me za ka yi da wannan?" Na ce jikanka ne ya tambaye ni na kasa. Sai ya gyara zama, ya sa aka miƙo masa ruwa, ya lumshe idon da dama ba ya gani da shi, ya fara daga ƙofar zaurenmu ya yi yamma. Ya wuce rijiya, ya wuce kukar da ake saran ɓawonta a yi igiya, ya tsallaka ƙorama, yana faɗin gonar wane ce wannan, wa ya sare ta, wa ya gada. Wajen awa ɗaya da rabi yana tafiya, yaron na riƙe da waya, ni ina zana taswira a bayan takardar magani. Sau biyu ya tsaya ya yi shiru, muka ƙyale shi. Da ya iso gindin dutsen ya faɗi sunansa, sai na ji kamar an mare ni, don suna ne da na sha faɗa da bakina. Yaron ya maimaita, Baffa ya gyara masa, ya sake maimaitawa.

Ba mu hau dutsen ba ranar, la'asar ta yi kuma tsohon ya gaji. Ya ce in mun dawo zai kai mu kogon, daga nan mu gangara ta gabas inda maƙera suka zauna, akwai wata tsohuwar hanyar fatake da ya ce ko mahaifina bai sani ba. Mun yi da shi ranar Asabar ta sama.